Ranar da Muka Cinye Maiwar Kaka

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, Kaka kuwa ta riga mu. Ina bakin butik ɗina, ɗan shagon da nake da shi a Yamai, ina auna wa wata mata shinkafa, Baffa ya kira ni ya ce, "Tsohuwa ta tahi." Kafin motar Gaya ta sauke ni a tasha an riga an kai ta makwanci, don zafin bazara ba ya jiran ɗan Yamai.

Na iske ƙofar gida cike da tabarmi. Gaya garin bakin iyaka ne, gaisuwar mutuwa ma ba da harshe ɗaya ake yi mana ita ba. Wannan ya ce "Allah ya jiƙan rai," mutumin Dendi ya ce "fonda tilas," Bafulatani ya faɗi tasa mu amsa da amin ko ba mu ji ba. Abin da na lura shi ne ba wanda ya zauna ya tashi bai ambaci hatsi ba. Wani tsoho daga Tanda ya ce shekarar da fara ta cinye musu shuka, ita ta cika masa ƙwarya da iri, ko godiya ba ta tsaya ji ba. Wata mai tuwon sayarwa tana share ido da gefen zane tana cewa, "Yanzu wa za shi zagi surfena?" Limamin unguwa kuwa cewa ya yi bai taɓa ganin mai durƙusawa don ƙwayar gero ɗaya kamarta ba. Kowa da Kakar da ya sani. Ga tawa nan, na rubuta ta ne don kada a manta.

Ita ta haifi mahaifina, da ya rasu ina ƙarami kuma ɗakinta na tashi. "Maigida" take ce mini, irin wasan nan na kaka da jika, ni kuma in ce mata "amarya." In baƙi suka zo sai ta nuna ni ta ce, "Ga mijin nawa nan, ci kamar gara, ko kan dawa ɗaya bai taɓa kawo mini ba." Ba zan yi mata ƙarya don ta mutu ba: Kaka tana da faɗa. Gajeruwa ce, muryarta kuwa tana tsallake katanga uku. In ta ga an zubar da ƙanzon tuwo, ranar nan ba mai shan ruwa da daɗi a gidan. In mata suna shiƙa, tana nan gefe da ɗan faifanta tana tsince abin da iska ta kwasa, tana mita. Kaji ma sun san ba su da rabo inda take.

Ba ta taɓa wuce Dosso ba a rayuwarta, amma duk wanda ya dawo daga tafiya sai ta tsare shi da tambaya ɗaya: "Mi suka ci can?" Ba ta tambayar gine-gine, ba ta tambayar sarakuna. In ka ce mata shinkafa, sai ta ce to suna da ruwa. In ka ce masara, ta ce ƙasarsu na da ƙarfi amma su ba su da haƙuri. Direbobin kamiyo, manyan motocin kaya da ke kwana a bakin duwan, wato kwastan, sun san halinta, har wasu na kawo mata tsarabar ƙwaya a ƙulle: wannan acca, wannan alkama, wannan wata jar dawa daga ƙasar da ni ma ban san sunanta ba. Wani alhaji ya taɓa kawo mata sha'ir daga Makka, ta fi murna da shi a kan dabino. Sai ta zuba a tafin hannu, ta shinshina, ta ciza ɗaya, sa'an nan ta yanke wa mutanen ƙasar hukunci. Da aka kawo mata acca ta daɗe tana kallo, ta ce, "Matan da ke surfa wagga, Allah shi ba su lada, sun ga ta kansu."

Lokacin da na fara kasuwanci a Yamai, na zo mata da buhun shinkafar waje, fara fat, wadda ta ƙetaro teku. Ina taƙama, yau dai maigida ya yi cefane. Ta ɗebi kaɗan ta shuka a fasasshen tulu, tana ba ta ruwa safe da yamma. Na ce mata, "Amarya, wagga an surfe ta, ba ta hita." Ta ce ai ta sani, so take ta ba ta dama. Da ta gaji da jira sai ta kira ni ta nuna mini tulun, ta ce, "Ka gani, Maigida? Abincinku ba shi haihuwa." Wannan bai hana ta cinye buhun ba. Taliya kuwa, in dai na kawo, ɓoyewa take yi a bayan gado kada jikoki su gani.

Duk waɗannan ƙwayoyi baƙi ne a wurinta. 'Yar gida ɗaya ce, ita ce maiwarta, wadda mutanen Dendi ke ce wa somno. Ba irin maiwar kowa ba ce. Zangarniyarta doguwa ce, tana da gashi mai kaifi da ke tsone wa tsuntsu ido, shi ya sa Kaka ke ce mata Mai Gemu. Daga hannun mahaifiyarta ta gaje ta, ita ma daga tata uwar. A 'yar gonarta ta bayan gari take shuka ta da ruwan fari, sa'an nan a yi ta jira. Kowa ya girbe geronsa, ya ɗaure, ya kai rumbu, gonar Kaka na nan tsaye ita kaɗai, sai sanyi ya fara shigowa. Furarta kuwa, wanda bai sha ba, ba ni da yadda zan kwatanta masa.

Kafin a sa mata lauje, Kaka za ta zagaya gonar ita kaɗai ta zaɓi zangarniyoyin iri, ta ɗaure da kaba. Ta raba biyu. Rabi ta rataye a rufin ɗakinta, daidai inda hayaƙin murhu ke bi, don ƙwaro ba ya son hayaƙi. Rabi ta murje da hannu, ta gauraya da toka, ta zuba a wani tsohon tulu, ta liƙe bakin da laka ta tura ƙarƙashin gado. "Na ido da na ɓoye," in ji ta. "Mai aje iri wuri guda bai san gobara ba." Duk wanda ya nemi iri za ta ba shi, amma ba da kuɗi ba. Sharaɗinta ɗaya: in ta yi, ka maido mata da zangarniya guda ta gani.

A kan maiwar nan suka sha gwabzawa da Baffa, ƙanen mahaifina, wanda shi ke riƙe da gandun gida. Shi geron furoje yake shukawa, sabon irin nan da malaman gona suka kawo, mai saurin nuna, kuma yana da gaskiyarsa: damina ta zama ba ta da alkawari, ga shanu na saukowa tun gonar Kaka ba ta nuna ba, kullum sai an yi rigima da makiyaya. "Inna," yakan ce mata, "ki bar wahalar ga. Ga gero nan cike da rumbu." Ita kuma ta ce, "Geron da ya nuna kafin ka san sunanshi? Ci abinka." Haka za su yi ta yi, ƙarshe shi ne zai je ya kewaye mata gonar da ƙaya yana gunaguni.

Wannan faɗan harshe da haƙori ne. Babban faɗan, wanda ba a yi masa dariya a gidanmu, tsakaninta da ƙanwarta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ke aure a hayin kogi, ɓangaren Benin. Kaka ta Ƙetare muke ce mata. Da mahaifiyarsu ta rasu an raba musu irin Mai Gemu daidai. Sai aka yi wata shekarar yunwa, ƙanwar ta ɗauki nata ta kai kasuwa ta sayo wa 'ya'yanta garin rogo. Labari ya ƙetaro. Kaka ta shiga kwalekwale ta je har gidanta, ta tsaya tsakar gida, gaban surukai da maƙwabta, ta ce, "Kin kai uwarmu kasuwa an auna ta da kwano." Ta juyo ko ruwa ba ta sha ba. Tun ran nan ba su ƙara gaisawa ba. In sun haɗu wurin biki, wannan ta zauna gabas, wannan yamma. Na taɓa ce mata, "Amarya, ai yunwa ce ta sa ta." Ta harare ni ta ce, "Ni ƙoshi ni kai shekaran nan?" Ban ƙara tayar da maganar ba.

To, ranar sadakar uku. A wurinmu gumba ake dakawa a raba, kuma an fi so a yi ta da abin da mamaci ya noma da hannunsa, don ladan ya je masa kai tsaye. Matar Baffa, baiwar Allah, ita ta yi jinyar Kaka har ƙarshe, ta shiga ɗakin ta ɗaga kai ta ga damin nan a rataye. Ta san iri ne. Ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin gado, ta ga tulu na nan da lakarsa ba a taɓa ba. Ta ce a ranta, na ɓoye na nan, bari a yi wa tsohuwa sadaka da na ido. Aka sauke dami, aka sussuke, aka surfe, 'yan mata suka yi ta luguden taɓarya tun hantsi.

Ina zaune waje cikin maza aka fito da gumba a faranti. Na gutsura na kai baki, sai ƙamshin ɗakin Kaka ya cika mini hanci, har da ɗan hayaƙin. Tsohon nan na Tanda ya lumshe ido ya ce, "Kai! Rabona da wagga tun ina da haƙora." Kowa na yabo, ana ta sa albarka. Ni ma na ƙara, har na ce a ajiye mini wadda zan tafi da ita Yamai.

Bayan la'asar, da mutane suka ragu, na shiga ɗakinta. Igiyar kabar ce kawai ke lilo a rufi. Na kira Baffa, na nuna masa. Matarsa ta biyo shi tana cewa kada mu damu, ai tulu na nan. Baffa ya jawo tulun, tun daga jawowar na ga fuskarsa ta sauya. Ya ƙwanƙwashe lakar da ƙotar wuƙa, ya zura hannu har gwiwar hannu, ya fito da toka. Ya juye shi a kan tabarma, muka baza da yatsu, mu uku. Ko ƙwaya ɗaya babu.

Matar Baffa ta zauna daɓas ta ɗora hannu a ka. Kukan da ta yi a lokacin ya fi wanda ta yi ranar mutuwar. Ba wanda ya ga laifinta, rashin sani ya fi dare duhu, kuma duk wanda ke wurin da haka zai yi. Amma Baffa, wanda ya shekara da shekaru yana cewa a bar wahalar nan, shi ne ya fita bayan ɗaki ya daɗe bai dawo ba. Sai a ranar na ji lalle Kaka ta mutu, kuma da bakinmu muka ƙarasa abin da ya rage nata.

Muka shiga nema. Baffa ya hau babur ya je Tanda, ya je Bana, har ƙauyukan wajen Dioundiou, duk inda aka san ta taɓa ba da iri. Amsar ɗaya ce. Wannan ya ce ya bari tun da damina ta gajarce, wancan ya ce shanu suka sa ya haƙura, wani ya fito da maiwa amma mara gemu. Tsohon Tanda ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi na ci amanar tsohuwa, 'ya'yana sun ƙi ta." Ba wanda ya kawo zancen hayin kogi. Wadda ta sayar da nata tun muna yara, me za a tambaye ta? Ko gaisuwar mutuwa ba ta zo ba. An ce ƙafa ke damunta, ga gadar kan iyaka a rufe sai dai kwalekwale, amma a zuci duk mun ce tsohon fushi ne.

Na koma Yamai, na dawo don sadakar arba'in. Ran nan gari ya tashi da hadari a gabas. Ana cikin addu'a sai ga kabu-kabu ya tsaya a ƙofar gida, aka sauko da wata tsohuwa da sanda, da ƙunshi a tsohon zane wanda ta ƙi yarda kowa ya karɓar mata. Gabana ya faɗi, don tafiyarta da tsayinta duk na Kaka ne. Ba ta tsaya wurin mata ba, ta wuce kai tsaye ɗakin yayarta, ta zauna a bakin gado, ta ce a kira mata Baffa da "mijin nan nata na Yamai."

Muka durƙusa muka gaishe ta. Ta ɗaga kai ta dubi igiyar da ke rufi, ta ce, "An ce mini kun cinye."

Baffa ya ce, "Ƙaddara ce, Inna ƙarama. Mun ɗauka tulu na cike."

Ta ce, "Ina za shi cika? Abin cikinshi na wurina."

Ta kwance zanen. Zangarniyoyi ne dogaye, masu gemu, ɗaure da kaba, ga kuma ƙwaya cikin ƙwarya, toka duk a jikinta.

Ta ba mu labari, ba ta kallon kowa. Ta ce shekarar da ta biyo bayan faɗansu, ana gab da shuka, wani mai kwalekwale ya kawo mata ƙulli, ya ce wata mata ta ba shi a bakin ruwa, ba ta ce komai ba. Ta buɗe ta ga iri. Ta shuka, da ta yi ta mayar da zangarniya guda ta hannun mutumin nan, ita ma ba ta ce komai ba. Haka suka yi ta yi kowace shekara. Mai kwalekwalen ya mutu, ɗansa ya ci gaba. Baffa ya riƙe baki, ya ce shi duk zatonsa kuɗin kifi take biya da hatsi.

"Ko sau ɗaya ba ta aiko da gaisuwa ba," in ji tsohuwar. "Ni ma ban aika ba. Kun san mu, kai guda gare mu. Amma in na ga ƙulli na san tana lahiya, in ta ga zangarniya ta san ban mutu ba." Ta shafa ƙwaryar. "Bana ba ƙulli ta aiko ba. Ƙwarya ta aiko cike, tun sanyi bai wuce ba, har da tokar. Ina gani na san ban kwana ce. Na ce in ƙetaro, sai zuciya ta ce bari dai ta kira ni da baki. To, ga shi ban zo ba sai yau."

An ce zumunta a ƙafa take, su kuwa tasu a bakin kwalekwale ta rayu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na gane lissafin Kaka. Ta dube mu duka, ɗa mai geron furoje da jika mai shinkafar teku, ta ga ba mai shuka mata. Sai ta kwashe na ɓoye ta aika wa wadda ta taɓa kai shi kasuwa, ta mayar da laka bakin tulu don kada mu ji kunya.

Kaka ta Ƙetare ta tura mini ƙwaryar da ƙafar sandarta. "Ni ma ƙafata ɗaya na rami, ɗiyana kuwa masara suka sani. Kai ne mijinta. Ka ci, ka ci, yau dai ka yi noma."

Da yamma ruwa ya sauko, ruwan fari, mai yawa. Washegari da sassafe na ɗauki sungumi na nufi 'yar gonar Kaka, hannun da ya saba da kwanon awo. Ban yi nisa da sara ba na ji wani sungumin a bayana. Baffa ne, ya gyara mini layi don nawa ya karkace. Matarsa ta zo riƙe da ƙwaryar da hannu biyu. Tsohuwar kuwa ta ce sai an kawo ta, ko da goyo ne, don ramin farko ba na yara ba ne.

Allah ya jiƙan Kaka, ya yafe mata kaifin harshenta, ya saka mata da kowace ƙwaya da ta tsince daga ƙasa da kowace ƙwarya da ta cika wa mai nema. Ya ba mu damina mai tsawon da Mai Gemu za ta nuna, ya ba mu haƙurin jiranta.

Muka riƙe Kaka ta Ƙetare ta kowane gefe har bakin ramin farko. Ta ɗebi ƙwaya da yatsu uku, ta yi bisimilla, ta saki, ta rufe da diddige kamar yadda yayarta ke yi. Ba ta ɗaga ƙafar ba. Ta daɗe tana kallon ƙasar, sa'an nan ta ce, a hankali, yadda ake gaida babba da safe:

"Yaya, ina kwana."